Karen da Na Ɗaure a Inuwar Safe

Ni ba mai son kare ba ce, kuma ban tashi a gidan da ake sonsa ba. Mahaifina malami ne, asalinsa Borno, kuma a gidanmu ko giftawa kare ya yi ta ƙofa sai an bi sawunsa da tsintsiya. Kyanwa kuwa 'yar gida ce. Takan hau buzun mahaifina ta kwanta, shi ne zai matsa mata. Don haka ranar da aka kai ni ɗakin mijina a Yindiski, can bakin garin Potiskum, cikin kayana har da 'yar baƙar kyanwa a kwando, wadda innata ta ce in tafi da ita saboda ɓeraye. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, mijin nan da na nace sai shi yana da kare.

Sana'ar maigidana korar shanu ce. Fatake su saya a kasuwar garin, shi da abokan aikinsa su sa su a gaba da ƙafa, wani lokaci har Kurmi, a yi wata biyu, wata uku ba a ga ƙeyarsa ba. Karen nan shi ne abokin tafiyarsa. Ja ne, siriri, kunne ɗaya a tsage, ba shi da wani kyau da za a tsaya faɗa. Yana da suna, amma ban taɓa kiransa da shi ba. Maigida da fito yake kiransa, ni kuma mace ba ta fito, sai na riƙa ce masa "kai", kuma yawanci "kai, tafi can" ne.

Shekara huɗu muka yi a haka, Allah bai ba mu haihuwa ba. Gidanmu shi ne na ƙarshe a layin, bayanmu sai gonaki. Ɗaki biyu ne da zaure, da wata rumfar kara a tsakar gida inda randunana biyu suke zaune. In maigida ya tafi ya tafi da karensa, sai ya rage daga ni sai kyanwa. Dangina suna nesa, ni kuma ban iya shiga gida-gida ba. Matan unguwa suna cewa girman kai gare ni. Ba girman kai ba ne, gajiya na yi da tambayar da ake yi mini da ido, ana duban cikina kafin a dubi fuskata.

A shekarar da aka canza kuɗi, aka daina maganar fam da sule, damina ta yi mana rowa. Rijiyoyin Potiskum dama can zurfi gare su, sai ka zura guga ka gaji da jiran jin faɗuwarsa, a waccan shekarar kuwa har laka aka riƙa jawowa. Sanyi na ƙarewa maigida ya samu tafiya. Saura kwana biyu su tashi wani bijimi ya shuri karen a cinya, ya dawo gida yana ɗingishi da ƙafa uku. Ranar tafiya maigida ya tsuguna a ƙofar zaure ya daɗe yana duba ƙafar, sannan ya kira ni.

"Ga shi nan, amana na bar miki," ya ce.

"Maigida, ni fa ban iya kiwon kare ba."

"Ba kiwo ba ne. Tuwon da ya kwana, da ruwa. Shi ke nan."

"In ya shigo mini tsakar gida fa?"

"Ba zai shigo ba," ya ce yana dariya. "Ya san ke 'yar malam ce."

Karen ya yi ƙoƙarin binsa, ƙafar ta ƙi. Ya kai bakin gonar farko ya dawo ya kwanta a gindin bangon zaure, ya sa haɓa a kan ƙafafunsa, yana fuskantar hanyar da aka bi.

Wanda bai yi bazara a Potiskum ba, labari kawai yake ji. Tun da hantsi ƙasa take hana mutum takawa ba takalmi. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai, ƙarfen guga ya ƙone hannu, garin ya yi tsit daga azahar har la'asar. Kyanwata dai ba ta sha wahala ba, don na san abin da ake yi mata tun a gidanmu. Ƙasar gindin randa kullum da danshi, saboda randa tana tsattsafo. Nakan jiƙa tsohon buhu in shimfiɗa mata a wurin, in ajiye mata ruwa a kasko, in canza shi sau biyu a yini don kada ya ɗume. Ta miƙe a kai ta yi ɗai-ɗai. Ni kuma in zauna kusa da ita ina saƙar faifai ina yi mata hira, ita ko a jikinta. Kyanwa ba ta sauraron kowa, tana dai yi maka alfarmar zama kusa da kai.

Shi kuwa karen, sau biyu nake ganinsa a rana. Da sassafe in fita in zuba masa tuwo a wani tsingaro, ruwa a wani, ina miƙa hannu daga nesa don kada ya taɓa ni. Bayan magariba in sake leƙawa. Duk lokacin da na fita yana nan a wuri ɗaya, ido a kan hanya. Wata rana na tsaya a bakin zaure na bi inda yake kallo da idona, sai na ga ashe ni ma can nake kallo. A duk faɗin garin nan mu biyu ne muke jiran mutum ɗaya. Abin ya ba ni haushi, na koma ciki na ja ƙofa.

Da zafi ya kai inda ya kai, ƙafarsa kuma ta warke, sai ya fara neman sanyi da kansa. Wata azahar na fito daga ɗaki na tarar da shi ya biyo ta rariya, ya tona rami a gindin randata ya kwanta, kyanwa tana saman rumfa ta tayar da gashi. Ban tsaya tunani ba na wurga masa muciya. Na wanke bayan randar, na toshe rariya da dutse, ina faɗa ni kaɗai. Da na hana shi nan, sai ya gano wurin alwala na masallacin unguwa, inda ruwa ke kwanciya. Kwana biyu a jere masu zuwa sallah suna tarar da shi kwance cikin taɓo. A rana ta uku matar Bulama, wato mai unguwarmu, ta yi sallama, ko zama ba ta yi ba.

"Bulama ya ce a gaya miki ki ɗaure karen mijinki. In aka sake ganinsa a masallaci, kada a ga laifin kowa."

Washegari kuwa sunan ɗan ƙanwar maigida ne, a wani ƙauye kan hanyar Danchuwa, tafiyar kamar sa'a guda. Ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Na tashi da wuri na yi dambu na zuba a langata mai furanni, wadda ta fi kowace kyau a jerena. Sannan na ɗauko igiyar akuya. Akwai tsohon turke a gindin bangon zaure, daidai inda yake kwanciya, kuma a lokacin inuwar bangon ta miƙe har tsakiyar hanya, ƙasar da sanyinta. Na ce a raina, ai ma gata na yi masa. Na yi zarge na jefa masa a wuya ba tare da na taɓa shi ba, na cika tsingaronsa da ruwa, na ɗora langa a kai na tafi.

Ga inda na yi wauta. Shekara huɗu ina gidan nan, ban taɓa tsayawa a ƙofarsa da tsakar rana ba. Matar aure irina in za ta fita da sassafe take fita, ko bayan rana ta faɗi. Na san inuwar tsakar gidana ciki da bai, na san inda take da hantsi da inda take komawa da la'asar, amma bangon waje ban san shi ba sai da safe. Ƙofarmu yamma take kallo. Kafin rana ta take tsaka inuwar nan ta janye ta shige gindin bango, daga nan kuma rana ta doki bangon, bangon ya mayar da zafin kan duk abin da ke gabansa. Duk kwanakin baya, in lokacin ya yi karen yakan tashi ya zagaya bayan gida. Ban taɓa gani ba, don ba na nan.

Niyyata sai yamma zan dawo. Abin da ya dawo da ni da wuri baƙin hali na ne. Ana cikin raba tuwo wata gwaggon maigida ta ɗora mini jaririn a cinya, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Riƙe ki ji ɗuminsa, ko Allah zai sa ki yi sha'awa." Aka yi dariya. Na yi murmushi, na miƙa yaron ga uwarsa, na nemo langata na ce kaina ke ciwo. Na kamo hanya cikin ranar nan ina tafe ina shirya amsoshin da ya kamata in ba ta, waɗanda ba su zo mini ba sai da na baro ƙauyen.

Tun daga nesa na hango maza a ƙofar gidana. An fito daga sallar azahar, wasu da butocinsu a hannu, wasu sun riga sun samo sanduna. Na ɗauka mummunan labarin maigida aka kawo. Da na matso sai na ga karen. Ya nannaɗe igiyar a turke saboda zagaye, har ta rage ba ta fi kamu biyu ba. Ya kife tsingaron ruwan ya fashe. Yana kwance a gefe ɗaya cikin rana, harshe ya zazzago ya yi baƙi-baƙi, miyau mai kauri yana dalala, haƙarƙarinsa yana sama yana ƙasa da sauri. Ya yunƙura zai tashi, ya yi tangaɗi ya sake faɗuwa, mutane suka ja da baya.

"Ya haukace," wani ya ce. "Dubi kumfar bakinsa."

Bulama ya juyo ya gan ni. "Yarinya, shiga gida. Wannan ba abin kallon mata ba ne. Za mu gaya wa mijinki yadda aka yi."

Ba zan zalunce su ba. A shekarar da ta wuce mahaukacin kare ya ciji wani mutum a unguwar, kuma duk sun ga irin mutuwar da ya yi. Ni ma a lokacin na yarda haukan ne. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne kalmar da maigida ya faɗa a daidai wurin nan, amana. Na kasa shiga.

Akwai wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono da ta fake a zauren maƙwabta tana jiran rana ta yi sanyi. Ban san ta ba, na dai sha jin muryarta tana wucewa. Ita ce ta taso, ta ratsa mazan nan ba ko sannu, ta tsaya ta dubi karen.

"Wannan ba hauka ba ne, rana ce," ta ce da Hausarta ta mutanen ruga. "Mahaukacin kare ba ya son ganin ruwa. Ku ba shi ruwa. In ya kau da kai, ku kashe. In ya nema, ku ji tsoron Allah."

Mutum wajen biyar na riƙe da buta, kuma na san da sauran ruwa a ciki, amma ba wanda ya motsa. Wa zai kai butar alwalarsa bakin kare? Tsingaronsa kuma ya fashe, babu abin da za a zuba a ciki. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi abin da ke kaina.

Na shiga da gudu na kamfato ruwa a randa da langar nan mai furanni, na fito na durƙusa na ajiye ta a gaban hancinsa. Na ji wani ya ja salati. Karen bai iya ɗaga kai ba. Amma hancinsa ya motsa, ya ja wuya a ƙasa kaɗan kaɗan har igiyar ta tsaya, ya miƙa harshen nan ya taɓa gefen langar.

"Ku sauke sandunan," in ji Bulama.

"Kar ki bar shi ya sha da yawa, zai amayar," tsohuwar ta ce. "Kwance shi. Ina ne ya fi sanyi a gidanki?"

Wuri ɗaya ne, kuma na san shi. Na kwance zargen. Na sa hannu biyu na ɗauke shi, da kayan zuwa suna a jikina, ni da ko jelarsa ban taɓa bari ta goge ni ba. Jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Bai kai nauyin da na zata ba. Mazan suka dare, na wuce da shi ta zaure har gindin randa, na kwantar da shi a kan buhun kyanwa.

Tsohuwar ta biyo ni ta tsuguna tana ba ni umarni, ba ta taɓa komai da hannunta ba sai faifai. Ta ce kada in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, zai riƙe zafin. In zuba ruwa a cikinsa inda babu gashi, da hammatarsa, da tafin ƙafafunsa, da bayan kunnuwa, ita kuma tana yi masa fifita. A baki kuwa ɗigo-ɗigo, da yatsuna.

"Kare ba ya gumi, 'yata," ta ce. "Ke in kin ji zafi jikinki ya zubo ruwa ki huta. Shi ba shi da komai sai harshe da ƙafa. In ya samu ƙasa mai danshi ya sa cikinsa, ba rashin kunya ba ne, rai yake nema."

Na tuna muciyar da na wurga masa. Muka yi ta yi har randa ɗaya ta ƙare, ruwan da zai kai ni kwana uku. Wajen la'asar numfashinsa ya fara daidaita, harshen ya koma ciki, ya buɗe ido ya dube ni. A nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba a gidan suna. Tsohuwar ta bar ni na yi mai isata. Da za ta tafi na auna mata gero, ta ƙi karɓa, ta ɗora ƙwaryarta a kai ta tsaya a bakin zaure.

"Zai tashi, in Allah ya so. Amma ki riƙe wannan. Karen da rana ta taɓa kayarwa ba ya sake iya mata. Kar ya ƙara doguwar tafiya da bazara."

Ya tashi kuwa, bayan kwana huɗu. Labari kuma ya riga shi tashi. Kafin mako ya zagayo duk Yindiski ta san 'yar malam ta rungumi kare ta kwantar da shi a gindin randa. Na wanke langar sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda aka koya mana, amma ranar da na aika wa maƙwabciyata fate a cikinta, haka aka dawo mini da ita ba a buɗe ba. Masu shigowa aron turmi suka daina. Wadda ta shigo bisa kuskure, in na kawo mata ruwa sai ta ce azumi take yi. Wata ta gaya mini don Allah cewa mala'iku sun bar shiga gidana. Na ce mata to, su da matan unguwa sun zama ɗaya ke nan. Wannan maganar ma aka ɗauka aka yi yawo da ita. Na nuna ban damu ba, amma na damu. Akwai ranakun da tun safe har dare ban ji an yi mini sallama ba.

Sai dai gidan bai koma yadda yake ba. Daga hantsi zuwa la'asar karen yana ƙarƙashin rumfa, da kaskonsa daban, ina canza masa ruwa duk lokacin da na canza wa kyanwa. Na cire dutsen rariya. Na koyi taɓa ƙasa da bayan hannu kafin in bar shi ya fita. Na zauna na cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Kyanwa ta yi fushin sati biyu, sannan aka raba gindin randa, kowa da gefensa, ba gaisuwa. Na ci gaba da saƙar faifai ina hira, sai dai yanzu akwai mai ji. In na yi magana yakan ɗaga kunnen nan mai tsaga ya karkata kai. Na ba shi labarin gidanmu, da gwaggon maigida, da abubuwan da ban taɓa gaya wa mutum ba. An ce sabo turken wawa, to ni dai na ɗauru.

Maigida ya dawo da ruwan farko. Tun bai shawo kwanar gonaki ba karen ya zabura ya fice. Ban bari ya ji a bakin mutane ba, yana gama cin abinci na zayyana masa komai, har da turken, har da muciyar. Ya daɗe yana shafa wuyan karen inda igiya ta bar tabo.

"Da hannunki kika ɗauke shi?"

"Da me zan ɗauke shi?"

Ya yi dariya har da tari, bai ƙara tayar da maganar ba.

Daminar nan ma ba ta yi kirki ba. Da bazara ta sake kamawa aka ce shanu suna zubewa a arewa, wajen bakin Chadi, masu su suna sayarwa ko nawa ne. Fatake suka nemi masu kora da za su je su taho da su kafin su ƙarasa mutuwa. Maigida ba shi da zaɓi, rumbunmu ya kusa ƙasa. Na gaya masa abin da tsohuwar ta ce, kalma da kalma. Bai yi musu ba.

"To sai dai a ɗaure shi," ya ce. "Kwana uku. In ba haka ba, ko ina na kai zai bi sawuna."

"Ni ba zan iya sake sa masa igiya ba."

"Ni zan ɗaure. Ke dai kada ki kwance."

Bayan sallar asuba ya ɗaure shi da kansa a ginshiƙin rumfa, cikin inuwar da ba ta gushewa, kaskon ruwa a gabansa. Ya yi mini sallama ya fita, bai yi fito ba.

Karen ya fara ja tun ƙarar takalmin ba ta ɓace ba. Ya ja, ya koma baya, ya sake zabura igiyar ta fizgo shi ya faɗi. Ba haushi yake yi ba, wani siririn kuka ne da ban taɓa jin ya yi ba. Na zauna kusa da shi ina lallashi, ko kallona bai yi ba. Na kawo masa tuwo da romo, na kai masa ruwa har baki, ya kau da kai. Da hantsi tsohon tabon wuyansa ya ɗaye yana jini. Rana na ɗagawa ya fara haki, harshe ya fito, miyau ya fara dalala. Na shiga ɗaki na toshe kunne, na fito. Na sake shiga, na sake fitowa. Abin da nake gani shi ne ranar nan ta dawo, kuma wannan karon ina zaune ina kallo. Na ce a raina, kwana uku a haka ba zai kai ba, a gabana zai mutu da igiya a wuya.

Ana kiran azahar na kwance shi.

Da ina da hankali, in ma kwancewar ce, da na bari sai rana ta faɗi ya yi tafiyarsa cikin sanyi. Wannan tunanin bai zo mini ba sai da ya fice. Ina so in rubuta cewa ya tsaya a bakin zaure ya waiwayo, amma bai waiwayo ba. Na bi shi har ƙofa, na ga ya sa hanci a ƙasa ya miƙi hanya cikin ranar nan, yana ɗan ɗingisa ƙafar da bijimi ya taɓa shura.

Kwana arba'in da wani abu na yi ina jira, kuma wannan jiran ya fi na kowace shekara tsawo, don da can akwai wanda muke yi tare. Nakan fita ƙofa har da tsakar rana yanzu, abin da ban taɓa yi ba, ba ruwana da mai gani. In na hango jan abu a cikin gonaki sai in ɗauka shi ne, in ya matso in ga akuya ce.

Maigida ya dawo wata la'asar, ya rame ya yi baƙi, leɓensa duk ya tsage. Na dubi bayansa kafin in dubi fuskarsa. Na kawo masa ruwa ya sha, ya zauna a ƙarƙashin rumfa. Shi ya fara magana.

"Ya cim mana a kwana na biyu, da yamma. Ya je lafiya. A dawowa ne, tsakanin wata rijiya da wata, da tsakar rana. Na waiwaya na ga ya kwanta."

"Ka ba shi ruwa?"

"Na ba shi na gorata, a tafin hannuna. Na zuba masa a ciki da ƙafafu, yadda kika ce an yi. Bai iya haɗiyewa ba."

Na san bai kamata in ƙara tambaya ba, mutumin ya gaji, amma bakina ya riga ni.

"A inuwa ya mutu?"

Ya girgiza kai.

"Wurin babu bishiya," ya ce. "Rigata na cire na riƙe masa a sama, har ya gama."

Mun yi shekara talatin da wani abu tare bayan wannan. Bai taɓa tambayata yadda aka yi igiyar ta kwance ba, har ya koma ga Allah bai tambaya ba. Da ya tambaya, da ya fi mini sauƙi.